Gaisuwar da Na Yanke

Shekara ashirin da bakwai na yi ina shirya shirin al'amuran jama'a a wani gidan talabijin a Katsina, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ganin fuskata a akwatin ba. Haka aikin furodusa yake. Mai gabatarwa ne ke zama a kujera cikin babbar riga, a shafa masa hoda, shi ake tarewa a kasuwa ana cewa jiya mun gan ka. Ni ina bayan gilashi da agogon awon lokaci rataye a wuyana. Sunana sai a ƙarshen shiri yake fitowa, ya wuce da gudu daidai lokacin da jama'a suka miƙe za su yi alwala.

Ban ce abin bai dame ni ba. Ya dame ni, wallahi. Ni ke zaɓar maganar da za a yi a mako, ni ke zaman jiran kwamishina a kan benci tun safe har azahar, ni ke shiga tsohuwar motar ofis in bi ƙauyuka ina neman wanda zai yarda ya buɗe baki a gaban kyamara. In shiri ya yi kyau, a ce mai gabatarwa ya iya tambaya. In ya taɓa wani babba, to a kira furodusa. Iyalina suna Daura, ni ina ɗaki guda a Katsina, daga katifa sai risho sai rediyo. Sai ƙarshen mako nake leƙa gida, shi ma in aiki ya bari.

Minti ashirin da shida ake ba ni kowace Lahadi da yamma. A cikinsu zan cusa kukan manoma, da amsar hukuma, da surutun mai gabatarwa wanda ba ya ƙarewa. Shi ya sa na tsani gaisuwa. E, na faɗa, a lokacin na tsane ta. Ka kafa wa dattijon ƙauye kyamara ka tambaye shi me ya sami rijiyarsu, sai ya gyara zama ya yi sallama, ya yi salati, ya gaida Sarki, ya gaida Hakimi, ya gangaro kan Maigari da Liman, ya gaida ma'aikatan gidan talabijin da iyalansu, kai, har direbanmu sai ya sami rabonsa. Kafin ya iso bakin rijiyar ni raina ya gama ɓaci.

Sai na ƙirƙiro wata dabara, har ina taƙama da ita. Da mutum ya ce assalamu alaikum sai in danna agogo. Mai ɗaukar hoto, wanda shi kaɗai ke da abin sauraro a kunne, zai ɗaga mini hannu idan an shiga ainihin magana, in tsayar da agogon, in rubuta a takarda: gaisuwa, minti kaza. In mun koma ɗakin tace shiri sai in tura kaset gaba da gudu daidai wannan adadin, in fara aiki daga nan. Ba na ma sauraron abin da na tsallake. Me zan saurara? Na haddace shi.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Baure, kuma ni ne ɗansa na fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake, ko "na Katsina". In ya zama dole ya yi mini magana kai tsaye sai ya ce "kai", idonsa na kan wani abu dabam. Ƙannena suna hawa jikinsa suna ja masa gemu, ni ko kaina bai taɓa shafawa a gaban mutane ba. Ranar da na ci jarrabawar shiga sakandare labarin ya same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ce "to", ya ci gaba da gyaransa. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Sanin bai hana ni jin zafi ba.

Amma muna da hirarmu. In na je gida nakan bi shi gona da hantsi, yana gaba ina baya, ba ya waiwayowa. A hanyar nan bakinsa ke buɗewa. Ya yi maganar ruwan bana, ya yi maganar wanda ya sayar da gonar gado ya sayi babur, ya yi ta ba'a ga akuyar maƙwabcinsa. Wani lokacin ya jefo tambaya ta kan kafaɗa: "Su manyan nan, in kun kashe fitilarku, haka suke magana?" In ce a'a, Baba, ba haka suke yi ba. Sai in ji ya yi 'yar dariya ta hanci. Wannan tafiyar gona ita ce duk abin da nake da shi a wurinsa, kuma ita ce na ɓarar da hannuna.

Akwai mutum ɗaya da Baba ke sakin jiki da shi fiye da kowa, shi ne Maigarinmu. Kaciyarsu ɗaya, tare suka yi kiwo suna yara. Da aka naɗa shi Baba ya koma ce masa ranka ya daɗe, amma kullum bayan la'asar yakan ɗauki buzunsa ya je zauren Maigari, ya shimfiɗa a gefen dama kusa da ƙofa, su yi ta hira har a kira magariba. Shekara arba'in ba wanda ke zama a wurin nan sai shi.

Wata damina takin gwamnati ya makara, bai iso ƙauyuka ba sai da gero ya fitar da kai. Na ce wannan maganar ta shirina ce. Muka fito da mai ɗaukar hoto da direba, muka ratsa Daura, muka bi ta Zango. Ƙauye uku muka shiga, kowa na kuka da bakinsa, amma da an ɗaga kyamara sai ka ga mutum ya tuna yana da aiki a gona. Rana ta yi nisa, ga hadari yana haɗowa daga gabas, ga shi ba ni da ko murya ɗaya a kaset. Na ce wa direba mu je garinmu.

Ban iya tunkarar Baba da kaina ba. Gwaggo na aika, ƙanwarsa, wadda ita ta goye ni kuma ba ta jin kunyar kowa a duniya. Ta shiga ta daɗe, ta fito ta ce, "Ya ce ku jira shi." Muka jira. Sai ga shi ya fito ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hular da ba ya sawa sai da dalili, ƙamshin turare na tashi. Na so in ce turare ba ya fitowa a hoto, Allah ya taimake ni na kame bakina.

Aka shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiyar da ke bakin gonarsa. Mai ɗaukar hoto ya maƙala masa makirufo a wuyan riga. Baba ya dubi ƙasa ya ce, "A ce wa wancan ya matsa can." Na matsa, na je na jingina da mota, inda nake hango shi amma ba na jin komai. Na ga leɓɓansa sun motsa, na danna agogo. Ido ɗaya a kan agogo, ɗaya a kan hadari, ina cewa a raina haba Baba, kai ma? Na ga sau ɗaya ya ɗago ya kalli wajen motar, ya mayar da kai. Da mai ɗaukar hoto ya ɗaga hannu na tsayar, na rubuta: gaisuwa, minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Muna gamawa na sa a ɗauki 'yan hotunan gari don cike gurbi, rijiya, da gonaki, da ƙofar gidan Maigari. Yayyafi ya fara sauka muka tsere, ko furar da Gwaggo ta dama ban tsaya sha ba.

A ɗakin tace shiri na sa kaset, na tura gaba da gudu. Har yau ina ganin hoton: Baba cikin farar riga, bakinsa na motsi da sauri babu murya, hannunsa na tashi yana sauka. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya suka wuce cikin ƙiftawar ido. Na saki maɓalli, muryarsa ta fito tar: "Taki dai bai zo ba sai da gero ya fitar da kai. Wanda ya zo ɗin ma, mu ba mu san inda ya bi ba." Na buga tebur don murna. Irin maganar da furodusa ke mafarkin samu ke nan.

Bayan wannan jimlar tari ya sarƙe shi, dole in yanke. In ka yanke magana a tsakiya sai ka rufe wurin da wani hoton, in ba haka ba kan mutum zai yi tsalle. Na duba abin da muka ɗauko, hoton da ya fi kyau shi ne ƙofar gidan Maigari, da zanenta, ga wasu buhuna biyu jingine a bakin zaure. Na ɗora shi a kan muryar Baba. Daƙiƙa shida ne kacal. Ban yi tunanin komai ba, sai ma daɗi da na ji da ya zauna daidai.

Shirin ya fita ranar Lahadi. Ranar Litinin a taron ma'aikata shugabanmu ya miƙe ya kira sunana, ya ce haka ake so a riƙa aiki. Wannan ne karo na farko da aka yaba mini a bainar jama'a tun da na kama aiki. Na koma ɗakina na dafa taliya a risho, na ci ni kaɗai ina murmushi kamar wawa.

Ranar Asabar na tafi ƙauye kaina a sama. Gwaggo ce ta tare ni tun daga soro, ko amsa sallamata ba ta yi da kyau ba.

"Sannu, gwanin aiki! Sannu, mai yanka! Uban naka ka yanka, ka sani?"

Na ce, "Gwaggo, me ya faru?"

"Au, tambayata kake? Gari kaf aka taru a ƙofar gidan hedimasta, aka tada janareto, har Maigari aka kawo wa kujera. Ana ta murna yau za a ga namu a akwati. Sai ga ubanka, ba sallama, ba salati, ba gaida kowa, buɗar bakinsa sai taki! Kamar wanda bai tashi a gaban manya ba. Bai isa ba, yana cewa ba a san inda taki ya bi ba sai ga ƙofar Maigari da buhuna! Dusa ce, ɗan nan, dusar ragonsa ce! Amma wa zai tsaya ya tambaya? Yara suka hau ihu."

Ta ce Maigari ya zauna har aka gama, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Washegari da la'asar Baba ya ɗauki buzu ya je zaure kamar kullum, ya tarar an ajiye randar ruwa a wurin zamansa. Ba wanda ya kore shi. Ya gaishe su a tsaye, aka amsa masa da kyau, ya juyo gida da buzunsa a hammata.

Na sami Baba a bayan gida yana ɗaure wa akuya ƙafa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na fara bayani, lokaci ne ya yi kaɗan, haka ake yi wa kowa, hoton ƙofar kuskure ne, zan gyara. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji. Sannan ya ce, idonsa na kan igiya:

"Ni dai na gaishe su. Na ce Maigari ya yi iyakar ƙoƙarinsa, shi ma abin ya fi ƙarfinsa. Kai ne ka ce ban faɗa ba."

Ya ƙulle igiyar, ya ja ya ga ta ɗauru. Sai ya sake cewa, a hankali:

"Abin da na faɗa da farko, duka ka saurara?"

Wayyo ni. Da na faɗi gaskiya. Amma ta yaya zan kalli mahaifina in ce masa ya yi wanka, ya sa turare, ya yi magana, ni kuwa na tura bakinsa da gudu ban ji ko kalma ɗaya ba? Kunya ta kama ni, girman kai na ma'aikaci ya ƙarasa. Na ce, "Duka na saurara, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya ce, "To." Ya miƙe ya shige ɗaki.

Washegari da hantsi na tsaya a ƙofar gida ina jiran ya fito mu tafi gona. Gwaggo ta leƙo ta ce tun da asuba ya tafi.

Na koma Katsina da niyya ɗaya: in ɗauko ainihin kaset ɗin, in kai shi ƙauye da na'ura, in tara gari a ƙofar gidan hedimasta su ji gaisuwar da kunnensu. Na shiga ɗakin ajiya na zazzage kwalaye. Na sami kaset ɗin, ga rubutun hannuna a jiki. Na sa a na'ura, sai ga wani jami'i yana yanka ƙyalle a bikin buɗe wani ofis. An ɗauki wani abu a kai. Kaset ba ya isar mu a lokacin, don haka duk wanda shirinsa ya fita, bayan kwana uku a mayar da shi aiki. Kuma wa ya kafa dokar kwana ukun? Ni. Har faɗa na sha yi da waɗanda ke ɓoye kaset a aljihun tebur. Na zauna a ƙasa a tsakiyar kwalayen, ban gaya wa kowa abin da nake nema ba. Mai ɗaukar hoton nan, wanda shi kaɗai ya ji, ban tambaye shi ba, don kada a ji a ofis cewa Oga ya yi kwaɓa a shirin da aka yabe shi. Ba a daɗe ba ma ya sami aiki a wani gari ya tafi.

Na je wajen Maigari da kaina. Na cire takalmi tun daga nesa, na zube na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ba na Baba ba ne." Na yi bayanin agogo, na yi bayanin tari, na yi bayanin hoton cike gurbi. Ina magana ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaci. Dattijon nan ya saurare ni tsaf. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Katsina da yadda ruwa yake a can. Sannan ya ce, "Ba komai, ɗana. Ai ya wuce." Ya sa aka kawo mini goro. Randar tana nan a gefen dama kusa da ƙofa, har an sa mata murfi sabo.

Na roƙi Gwaggo ta ce wa Baba ya yarda mu sake ɗauka, wannan karon zan sa gaisuwar daga farko har ƙarshe, ko za a kore ni. Ta dawo ta ce, "Ya ce an yi an gama. Ya ce magana ba taki ba ce da za a sake barbaɗawa."

Daga nan gaisuwa kawai ta rage tsakanina da shi. Kuma yana yin ta cikakkiya, ba ya rage komai. In na durƙusa sai ya ce an zo lafiya, ya hanya, ya aiki, ya iyali, ya yaran, ya mutanen Katsina, madalla, madalla. In ta ƙare sai ya yi shiru, ni ma in yi shiru, kaji na ta tono a tsakar gida. In na ɗauko maganar ruwa ko farashin gero sai ya ce "haka ne", ya tsuke bakinsa. Sau biyu na yi sammako na bi shi gona. Bai hana ni ba. Yana gaba ina baya, har muka je muka dawo ban ji komai ba sai ƙarar takalminsa a rairayi.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Nakan zauna a ɗakina a Katsina ina faɗa da shi a raina. Haba Baba! Kuskuren daƙiƙa shida? Na ba da haƙuri, na je na durƙusa wa abokinka, me kuma ake so in yi, in shiga akwatin in fito da maganar? Mutumin da bai taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba, shi ne zai riƙe ni a kan wannan har abada? Akwai shekarar da sai da na yi wata biyar ban taka ƙauyen ba. Shi ma bai aiko ba.

Aiki kuwa ya ci gaba. Kaset ya wuce, aka koma kwamfuta, inda ba a goge komai. Na yi shiri a kan asibitocin karkara, na yi a kan burtali da rikicin gona, na yi a kan 'yan fansho. An ƙara mini girma, aka ba ni ofis da labule. Agogon nan dai na jefa shi a aljihun tebur. Na koma barin gaisuwa a shiri, ko da jimla biyu ce, har sababbin ma'aikata suna gulma wai tsufa ya fara kama Oga. Kowace Lahadi in shirin ya fita nakan ce ko yana kallo. Gwaggo ta ce tun ranar bai sake zama gaban akwati ba. La'asar ɗinsa a ƙofar gida yake yin ta, shi kaɗai a kan buzu, yana jan carbi yana kallon hanya.

Maigari ya riga shi rasuwa. Baba ya je jana'iza ya tsaya a sahun baya. An ce a maƙabarta sai da aka riƙe shi.

Baba kuma ya bi shi bayan shekara biyu, da kaka, ana cikin yankan gero. Zazzaɓin kwana huɗu. Ina ɗakin tace shiri aka kira ni. Kafin in ratsa Daura in kai Zango an riga an yi masa wanka. Gaisuwarmu ta ƙarshe wata guda kafin nan ce, kuma ba ta bambanta da sauran ba.

Ranar uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar ta'aziyya, sai ga wani mutum ya sauka daga babur, gemunsa fari fat. Sai da ya ce "Oga" na gane shi. Mai ɗaukar hoton nan ne. Ya ji labari, ya taso tun daga nesa. Aka yi addu'a aka shafa. Da jama'a suka ragu ya matso kusa da ni a kan tabarma, muna taɓa hirar da.

Ya ce, "Allah ya jiƙan dattijo. Wallahi Oga, na ɗauki mutane ba iyaka, amma ban taɓa manta abin da ya faɗa a kanka ran nan ba. Sai da idona ya kawo ruwa a bayan kyamara."

Na ce, "A kaina?"

"A cikin gaisuwar nan mana. Ni da na ga ba ka sa ba, na ce kunya ce, mutum ba ya sa yabon kansa a shirinsa."

Na ce, "Faɗa mini."

Ya dube ni da mamaki. "Ba ka ji ba?"

"Faɗa mini, don Allah."

Ya ce bayan Baba ya gaida Sarki da Hakimi da Maigari da Liman, sai ya ɗago ya kalli wajen mota. Ya ce, "Sai wancan da ke tsaye can yana kallon agogo. A gida ba na iya faɗa masa, to bari in faɗa a nan, tunda an ce shi ke zama ya saurari komai. Tun da ya tashi bai taɓa sa ni jin kunya ba. Ina alfahari da shi. Allah ya yi masa albarka." Mai ɗaukar hoton ya ce daga nan Baba ya kira sunana. Cikakke, sau ɗaya, ya yi sauri ya koma maganar taki.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zagaya bayan gida inda akuyoyi suke, na tsuguna, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Shekarun nan duka ina cewa a kan Maigari yake riƙe da ni. Ashe ya tambaye ni, har sau biyu, ni kuma na kalle shi na ce duka na saurara. Ya tafi kabari yana ganin na ji ya kira sunana, na ji ya sa mini albarka, na yanke na zubar, kuma ban taɓa ce masa ko amin ba.

Yanzu na yi ritaya, ina zaune a Daura. Yara sun watse, gidan ya yi mini girma. Agogon yana nan a cikin akwatina, da takardar ran nan, na same ta a cikin tarkacen ofis ranar da nake kwashe kayana. Gaisuwa, minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Wani lokacin da la'asar nakan kira mai ɗaukar hoton a waya in ce ya sake faɗa mini. Yana haƙuri da ni, yana faɗa. Amma shi ma ya tsufa, kowane karo kalmomin na ɗan canzawa, kuma in ya zo wajen sunan, da muryarsa yake kira. Ban san yadda sunana yake a bakin Baba ba.